Fartanyar Iya da Na Wanke a Gaya

An ce za mu tashi da asuba, ni kuwa da asubar na tashi. Na yi salla, na ɗaure kayana, na tsaya a zaure ina jira. Ba mu bar Ajingi ba sai da rana ta hau kan rumbuna, domin kakata Iya, mahaifiyar Malam, ba ta barin gari sai ta yi sallama da kowa, har da matar da suka yi sallama jiya da la'asar. Tunda kun dame ni da tambaya a makaranta, kuma na ga labarin ya riga ni isowa da ƙari a kansa, to ga yadda abin ya faru daga bakina.

Ga wadda ba ta sani ba, Iya 'yar maƙeran Gaya ce, aure ne ya kawo ta gidan malamai. Kowace shekara, in an gama girbi an kai dammuna rumbu, masu sana'a na unguwarsu suna yin wani taro da suke kira zagaye. Gida-gida ake jeruwa da kiɗa, a bi unguwa a fita filin kasuwa. Maƙera ne a gaba, wai don su suka ƙera abin da aka yi noman da shi. A gaban maƙeran kuma babbar 'yar gidan ce take tafiya riƙe da wata tsohuwar fartanya. Iya ce babbar yanzu, don haka fartanyar a ɗakinta take shekara. Kafin kowa ya ɗaga ƙafa, sai ta tsaya gaban jama'a ta faɗi tarihin zagayen tun daga farkonsa, duk shekarar da aka canza wani abu, a jere, ba tsallake. In ta kasa, gidan da yake bayansu ya wuce gaba, fartanyar ma ta koma hannunsu. Marina ne a bayan, kuma sun yi kuɗi da harkar shuni, sun daɗe suna ganin bai kamata su riƙa bin bayan masu toka a ka ba. Iya kuwa ido ya yi rauni, sau biyu a rana tana kirana da sunan goggona. Kowa a Gaya ya san abin da marina suke jira.

Goggon nan ita ta saba raka ta, to bana tana wankan jego. Malam bai taɓa zuwa zagayen ba, bai kuma taɓa hana uwarsa zuwa ba. Ya dube mu duka ya ce ni zan je. Na ce masa mun fara sabon babi a fiƙihu, za a wuce ni. Ya ce babin ba zai gudu ba, kuma rakiyar kaka ma tana cikin abin da nake karantawa in na lura. Shi ke nan magana ta ƙare.

Mu uku ne: Iya a kan jaki, Baffa ƙanin Malam yana jan igiya, ni a baya da kwandon kaya a ka. Tafiyar da mai lafiya zai yi kafin hantsi ya dushe, mu sai da muka kai la'asar. Hanyar ba laifinta ba ne. Yashi ne mai laushi, gonaki hagu da dama an sare kara an jingine, shanun Fulani suna kiwo a cikin sauran, ga kanya da magarya sun nuna ba mai hana ka tsinka. Laifin na jakin ne da na Iya. Shi ba ya wuce harawar wake bai sa baki ba, ita kuma ba ta wuce mutum ba ta tambaye shi ɗan gidan wa ne ba.

A gindin wata tsamiya muka tarar da Bafulatana mai fura da nono. Ƙwaryar da muke saye wuri goma a gida ta ce ashirin, wai ai gobe zagaye, kowa ya ɗaga. Iya ta sauka daga jaki musamman don ta yi ciniki. Suka yi ta ja har inuwa ta matsa, sai can aka gano Iya ta san uwar matar, suka koma gaisuwa daga farko. A ƙarshe kyauta ta ba mu nonon, Iya kuma ta ba ta goron da ya fi nonon tsada. Baffa ya ce da ni in daina huci, haka ake yi kowace shekara, kuma a gindin tsamiyar nan.

Abin da ya fi gajiyar da ni shi ne bakin Iya. Tun da muka fita take riƙe da wani ƙunshi a cinyarta, hannunta ɗaya a ciki, tana magana ba ta tsayawa. Na ɗauka goro ta ɓoye take lalube. Shekarar kaza an yi kaza, shekarar kaza an daina kaza. Na ji ta ce da can maƙera da manoma ne kaɗai suke yi, da tulunan giya da yankan akuya a gindin bishiya. Na ji ta ce tana 'yar ƙarama malamai suka tsaya aka zubar da giyar, aka bar yankan, aka koma addu'a da sadakar kunu, aka ware layin mata daban. Na ji shekarar fara, da aka zagaya da faya-fayan da ba ko ƙwaya a kai. Na ji shekarar agana, da ba a taru ba, mace ɗaya ta bi ƙofa-ƙofa da fartanyar tana sallama daga nesa. Na ji shekarar da bajimin mahauta ya ƙwace ya watsa taro, shi ya sa har yau mahauta ne a can ƙarshe. Ban riƙe wanne ne kafin wanne ba, domin da gangan na koma bitar karatuna a zuci don kada in ji. In ta lura na yi shiru sai ta ce, "Malama, kina ji kuwa?" In ce ina ji. Haka take kirana tun da na yi sauka, kuma ba don girmamawa ba.

Daf da gari hanya ta cika. Mutanen Kademi da na Balan suna ta shigowa da dammunan gero da kaji a akurki, 'yan dambe da makaɗansu, masu dakuwa da alkaki sun kafa faya-fayai tun daga bakin ganuwa. Na tambayi kuɗin alkaki ɗaya, na ji amsa, na ajiye shi inda na ɗauka.

Gidan su Iya ba a tambaya, ƙarar guduma ce za ta kai ki. Ƙaninta ne babban gidan yanzu, wani tsoho mai ƙone-ƙonen wuta a hannu, wanda bai iya magana a hankali ba saboda ya saba yi a kan ƙarar uwar maƙera. Ba mu gama shan ruwa ba wata tsohuwa ta yi sallama, doguwa, da baƙin mayafi mai ƙyalli irin wanda aka buga da kyau. Ita ce babbar 'yar gidan marina, wadda za ta karɓi fartanyar in Iya ta kasa. Tare suka yi wasan ƙasa, kuma da alama tun lokacin ba su gama faɗan da suka fara ba.

"'Yar toka, ashe kin iya gane hanya," in ji ta. "Na ce bari in zo in ga ko bana an kawo mana kayanmu."

Iya ta ce, "Sannu baƙin hannu. Kin ga kayan naku nan a cinyata, ki ƙara kallo daga nesa kamar bara."

Suka yi dariya, suka raba goro ɗaya, suka tambayi jikokin juna. Da za ta tafi ta dube ni daga sama har ƙasa, ta tambaya ko ni ce mai karatun. Aka ce ni ce. Ta ce Allah ya sa karatun ya yi amfani.

Yanzu ga inda nake so ku saurara, domin a nan ne ake ƙara mini gishiri. Iya ta gaji ta kwanta. Duk matan gidan aiki suke: wannan tana goge tasoshi, wannan tana wanke zannuwan da za a sa gobe, waccan tana shafe daɓe. Ni kaɗai ce zaune kamar baƙuwar da ba a so. Na ɗauki kayanmu don in gyara, na zo kan ƙunshin nan, wari ya buge ni. Na kwance. Fartanya ce ƙarama, ruwanta ya yi baƙi ƙirin da tsatsa da hayaƙi, ƙotarta kuma an naɗe ta da tsummokara da zaruruwa tun daga wuya har kusan gindi, wani ya daskare da maiƙo, wani da kakin zuma, wani wuta ta lashe bakinsa. Na ce a raina, wannan za a ɗauka gobe gaban gari duka, ga marina da kayansu masu ƙyalli? Kuma a ce 'yar gidan Malam tana wurin ta bari?

Na je bayan rumbu inda ba kowa. Na warware su ɗaya bayan ɗaya, goma sha huɗu ne, na jiƙa su da ruwan toka da sabulun salo, na cuɗa har sai da ruwan ya daina baƙi. Ruwan fartanyar kuma na sa masa tsamiya da yashi, na goge har ina ganin fuskata. Na shanya tsummokaran a kan danga. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin aikina, har na tsaya ina kallo.

Matar ƙanin Iya ce ta fara gani. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye tulun da ke kanta a hankali, ta zauna a ƙasa, ta ce a kira maigida.

A nan ne aka gaya mini abin da ya kamata a gaya mini tun a Ajingi. Tsummokaran nan su ne tarihin. Duk shekarar da aka canza wani abu a zagayen, sai a yagi bakin tufar wanda abin ya shafa a ɗaura a ƙotar, a ƙarƙashin na baya. Iya ba ta gani sosai, kuma ba ta riƙe jeri da ka. Da yatsu take bi: mai kakin zuma shekarar kaza, mai maiƙo shekarar kaza, mai ƙunan wuta shekarar kaza. Abin da take yi ke nan a kan jaki da hannunta cikin ƙunshi, bita take yi. Yanzu duk sun yi laushi iri ɗaya, shunin wani ya zuba a kan wani, kuma ni da na warware su ban lura da wanne ke saman wanne ba.

Na ce ba wanda ya gaya mini. Ƙanin Iya ya ce, da muryar nan tasa da ake ji a ƙofar gari, ai ba a gaya wa mutum, kowa ya sani. Na ce to ni ban sani ba, ke nan ba kowa ba. Baffa ya taka mini ƙafa.

Sai gidan ya kafa gardama. Aka baza tsummokaran a tabarma, kowa ya zama masani. Wannan ta rantse fara ta riga agana, wancan ya ce agana ce ta fara domin shekarar aka haifi yayansa, wata ta ce ai yayan nasa ba shi aka haifa ba wansa ne da ya rasu. Mutanen da suka ji tarihin nan kowace shekara tun suna goye, ba biyun da suka yarda da jeri ɗaya. Kowa ya bar wa Iya riƙewa, shi yana can yana kallon masu kiɗa. Ƙanin Iya ya kawo shawara a ɗaura su yadda aka samu, a kai fartanyar maƙera a turara ta da hayaƙi ta koma baƙa, a shafa wa tsummokaran mai, kada marina su gane.

Duk wannan Iya tana zaune tana shafa su ɗaya-ɗaya, tana ajiyewa. Da ta ji maganar hayaƙi ta ɗago ta ce, "Ba zan tsaya gaban mutane da ƙarya a hannu ba. Ku ɗaura su yadda suke. Yadda ta wanke ta haka za ta fita." Ni kuwa ba ta ce da ni komai ba. Da ta zage ni da na san abin da zan mayar. Tuwon da aka kawo da magariba na dawa ne da miyar kuka, an ce ya yi daɗi, ni ban ji ɗanɗanonsa ba.

Da safe aka ce da hantsi za a fara. Kada ku yarda da hantsin mutanen Gaya. Mun isa gindin durumin da ake taruwa, muka tarar masu dundufa na maƙera da masu kalangu na mahauta suna jayayya a kan wa zai fara bugawa, abin da Baffa ya ce an raba tun kafin a haife shi kuma ana sake shi kowace shekara. Masaƙa suka zo da fararen sawaye a kafaɗa, dukawa da jajayen fatu, wanzamai da zabira, manoma da dammunan da aka zaɓo masu dogon kai. Maroƙa suna bin kowa. Mai unguwa ya zo a makare, kuma sai da ya gaisa da kowane babban gida kafin ya zauna. Rana ta fara zafi, ni ina riƙe da gwiwar hannun Iya.

Da aka kwance ƙunshin, rana ta haska ruwan fartanyar, sai hayaniya ta ɗauke. Na ji wata a bayana tana tambaya ko sabuwa aka ƙera. Mazan marina suka fara duban juna suna gyara riguna. Tsohuwarsu tana tsaye taku uku daga gare mu, ta dubi fartanyar, ta dube ni.

Ƙa'idar ita ce, in mai faɗa ta yi shiru, mai dundufa zai buga sau uku da tazara. In ya buga na uku ba ta ci gaba ba, magana ta ƙare. Ba a yarda wani daga gidanta ya sa mata baki ba.

Iya ta yi bismilla ta fara. Na farkon ba wuya, domin shi igiyar rama ce ba tsumma ba: kakan kakanni ya ƙera fartanyar, aka fita da ita bakin gona. Ta faɗi shekarar da masaƙa suka shigo, ta faɗi shekarar malamai da muryar da ta fi ƙarfi, don wannan da idonta ta gani. Ta faɗi fara. Daga nan na ga yatsunta suna sauka a ƙotar suna komawa sama, suna sake sauka. Ta yi shiru. Dundufa ta buga ɗaya. Na buɗe baki, Baffa ya girgiza mini kai daga layin maza, kuma gaskiya ko da an bar ni ban san me zan ce ba. Dundufa ta buga biyu. Sai Iya ta ce, "Sai shekarar da bajimin mahauta ya ƙwace."

"Ina shekarar mahara?"

Tsohuwar marina ce. Ta matso gaba, mayafinta ya zame ba ta kula ba. Ta ce ai kafin bajimi akwai agana, bayan agana kuma mahara suka zo aka rufe ƙofofin gari. Mai fartanyar lokacin tana kwance da zazzaɓi, sauran 'ya'yan maƙera mata duk suna aure a waje ba hanyar shigowa, mazan kuma suna can suna ƙera kibau. "Ni na ɗauke ta," in ji ta. "Da cikin ɗana na biyu na zagaya da ita a cikin ganuwa, kuma kafin magariba na mayar muku da ita gida, ban kwana da ita ba. Ga bakin zanena nan a jiki, shuɗin nan, ko an wanke shi na san abina. Shi za ki tsallake?"

Babban ɗanta, mai furfura a gemu, yana ta cewa, "Inna, Inna, ki bari mana." Ta ce ya rufe mata baki, lokacin yana tsotson yatsa.

Iya ta ce, kamar ba abin da ya faru, "Sai shekarar agana. Sai shekarar mahara, da 'yar marina ta ɗauka ta dawo da ita." Ta faɗi bajimi. Ta sake tsayawa. Ba a ma kai ga buga dundufa ba tsohuwar ta ce cikin fushi, shekarar da aka daina fita ta ƙofar gabas. Haka suka ƙarasa, Iya tana faɗa, in ta yi tuntuɓe waccan ta jefo mata kamar mai jefa wa kaza tsaba da haushi. Wuri ɗaya ne tsohuwar marina ta ƙi sa baki, shekarar da masaƙa suka makara marina suka shige gabansu, shi kuwa Iya ba ta nemi taimako ba, ta faɗe shi dalla-dalla har masaƙa suna gyaɗa kai.

Da aka gama mazan marina suka taso wa mai unguwa, suka ce kowa ya ji ta kasa. Dattawa suka haɗa kai. Abin da suka yanke gajere ne: dundufa ba ta buga na uku ba, kuma ƙa'ida ta hana 'yan gidan mai faɗa sa baki, ba ta ce komai a kan wadda za ta gaje ta ba, domin ba wanda ya taɓa zaton za a yi haka. Ɗan tsohuwar ya ce to ai an cuce su. Ita kuwa ta ce wanda yake son fartanya ya zo ya faɗi goma sha huɗun a jere ta ji. Ba wanda ya fito. Ta juyo ta ture hannuna daga gwiwar Iya ta kama da kanta, ta ce in koma baya kafin in wanke wani abu kuma.

Haka aka yi zagayen, su biyu a gaba, ɗaya da fartanya mai walƙiya, ɗaya tana mita. Zan faɗi gaskiya, abin yana da kyau in mutum ba ya cikin tashin hankali. Dundufa tana amsa wa kalangu daga wannan ƙarshen zuwa wancan, mata suna guɗa daga kan katanga, ana miƙo kunu a ludayi daga kowane zaure, yara suna bin manoma suna tsintar geron da ya zube. A filin kasuwa liman ya yi addu'a, aka tara dammunan don rabawa ga marasa gona. Samarin maƙera suka yi wasansu da ƙarfen da ya yi ja a wuta, ni ban kalla ba, na ga isasshen abin tsoro a ranar.

Kafin a watse wa dambe da kalankuwa, mai unguwa ya tambaya ko bana akwai abin ɗaurawa. Ƙanin Iya ya ce akwai, tunda ba a taɓa tafiya mutum biyu a gaba ba. Na ji sanyi, na ɗauka tufar tsohuwar marina za a sake yaga. Sai Iya ta ce a kira mata Malama. Ta lalubo bakin sabon kallabina, wanda na ɗaura sau biyu kacal, ta sa haƙorin da ya rage mata ta yage shi. Ta ɗaura a ƙasan na goma sha huɗu, ta ɗaga murya yadda har mahauta suka ji a can baya: "Shekarar da 'yar malamai ta wanke fartanya, 'yar marina ta kama wa 'yar maƙera." Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Na ce wa Iya a hankali ai rabin na biyu ya isa. Ta ce tarihi ba a tsallake.

Washegari muka kamo hanya, da hantsi na gaskiya wannan karon don ni na ɗora wa jakin akumari da kaina. Tsohuwar marina ta aiko mini da ƙyalle shuɗi in maye kallabina, tare da saƙon cewa shi ba a jiƙa shi da ruwan toka. Bafulatanar tana nan gindin tsamiyarta, nono ya koma wuri goma, kuma ta riga ta ji labari. Wani abu ya tsaya mini a rai tun jiya, sai na tambayi Iya: shekarar mahara da ta tsallake, mantawa ta yi, ko ta san wadda ba za ta iya yin shiru ba? Ta daɗe tana tauna goro, sannan ta ce jakin nan yana ɗingishi, Baffa ya duba ƙafarsa.

Mun iso gida da azahar. Malam ya saurari komai daga bakin Baffa, ya sunkuyar da kai kan allon da yake dubawa, na ga kafaɗunsa suna motsi. Na roƙe shi takarda in rubuta shekarun a jere, ya ba ni. Iya ta ce in rubuta in ina so, amma a gindin durumi ba a riƙe takarda, kuma goggo ta ce ita ta huta, baɗi ma ni ce.

Abin da na koyo ba shi da yawa. In kin ga abu mai datti a gidan mutane kuma kowa yana kewaye shi, ki tambaya kafin ki ɗebo ruwa. In tsohuwa tana magana a kan hanya, ki bar bitar karatunki sai kin sauka. Yanzu kullum bayan la'asar ina ɗakin Iya, muna mayar wa kowane tsumma alamarsa, wannan kakin zuma, wannan man shanu, wannan a ɗan kara shi a garwashi, tana faɗa ina maimaitawa, tana gyara mini da ranƙwashi. Har yanzu ina haɗa fara da agana. Na goma sha biyar ɗin ne kaɗai ba mu sa wa komai ba. Iya ta ce shi ba zai ɓace wa kowa ba, domin duk shekara mai shi za ta kasance a tsaye a wurin.